Ciwon bayan cinya: sau huɗu yana tafiya yana dawo mini

 

Na so a ce yau mun ci gaba da maganar kuɗin makarantar yara da muka faro makon jiya, sai ga saƙon murya daga wani ɗan uwa mai sayar da kayan babur a Kwatano. Ya ce shekararsa 48, yana ɗaga ƙarfe da yamma in ya rufe shago, kuma wata takwas ke nan bayan cinyarsa ta dama na damun sa. In ya huta mako biyu sai ciwon ya lafa, ranar da ya koma sai ya dawo. Ya rufe da cewa, "Alhaji, ko dai tsufa ne, in haƙura?" Sau biyu na saurari saƙon ina murmushi, don ji na yi kamar ni ne nake magana da bakin wani. To maganar makaranta ta ɗan jira mu.

Ni dai kun san ba ɗan wasa ba ne. Albasa nake sayarwa, shekara talatin da ɗoriya a Akara. Da ƙuruciya buhu ba ya gagara ta, amma da girma ya zo yara suka karɓi dako, ni na koma kan benci ina lissafi da shan shayi mai sukari. Tumbi ya fito. Ranar da aka auna ni aka ce sukari ya fara hawa, jini ma haka, likita ya ce in zaɓa: ko in motsa jiki, ko ƙwayoyin da zan riƙa sha su yi ta ƙaruwa. Haka na faɗa wani gidan ƙarfe a lungunmu a Nima ina da shekara 52. Wanda ya san irin waɗannan wurare ya san ba na masu kuɗi ba ne. Rumfar kwano ce, benci biyu, madubi mai tsaga. Ƙarafan kuwa tsofaffin kayan mota ne aka zura a sanda, sai siminti da aka zuba a bokitin fenti ya daskare. Duk yaran wurin na haife su. Suna ce mini Baba, suna ba ni wuri, ni kuma a zuciyata na ƙudura sai na nuna musu cewa tsohon ɗan dako ba abin rainawa ba ne.

Akwai ɗagawar da suke ce wa dedilif: sanda na ƙasa, ka sunkuya ka kamo ta, ka miƙe da ita har cinya, ka mayar. Ita na fi so, don ta yi kama da cicciɓar buhu. Cikin shekara guda na kai abin da yaran ke kira kilo 100. Wata safiya bayan asuba, ban ɗumama jiki ba, ban yi komai ba, na tarar wani yaro ya gama da ɗarin, na ce a bar mini ita haka nan. Na ɗaga ta farko lafiya. A ta biyu, ina mayar da sandar ƙasa, sai na ji wani abu ya tsarge ni a bayan cinyar hagu kamar an zuba mini bulala. Na saki sandar. Na ce musu ba komai, jijiya ce ta harɗe. Na rarrafa gida ina ɗingishi ina gaisawa da mutane kamar ba abin da ya faru.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da kowannenku zai yi. Uwargida ta yi mini gashi da ruwan zafi, aka shafa man zafi, na aiki yaro kemis ya sayo diclofenac. Kwana goma sha biyu ciwo ya ɗauke. Na taka ƙafa, na hau mataki, ban ji komai ba, na ce alhamdulillahi na warke. Na koma na ce a ɗora mini 90, wai na rage ke nan. Kwana uku ya sake kama ni, a daidai wurin. Na uku ya zo bayan ƙaramar salla. Na huɗu kuma ban ma ɗaga komai ba, kwandon albasa na sunkuya zan jawo.

A na huɗun ne abin ya sake kama. Ciwon ya bar tsakiyar cinya ya haura sama, ya zauna can ƙarƙashin ɗuwawu, daidai ƙashin da mutum ke zama a kai. Kun tuna a 2021 aka tashe mu 'yan albasa daga Agbogbloshie aka mai da mu Adjen Kotoku, can bayan Amasaman. Tun daga lokacin kullum sai na yi doguwar tafiya a turoturo, zuwa da dawowa, a kan kujerar da katifarta ta mutu tun zamanin Rawlings, sannan in wuni a benci. Sai ya zama ba na iya zaman minti ashirin ban karkata gefe guda ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruku'u. In na sunkuya sai in ji kamar ana ja mini igiya daga ɗuwawu zuwa gwiwa. Mako guda na yi ina salla a kan kujera a sahun tsofaffi, mutane na zuwa suna yi mini sannu. Ni da na shiga ƙarfe don in ƙi tsufa.

Uwargida ba ta yi mini da sauƙi ba. Ta ce, "Alhaji, sa'o'inka suna ɗaukar jikoki, kai kana ɗaukar bokitin siminti. Ka bar abin nan." Na kusa bari kuwa. Abin da ya hana ni shi ne takardar awon sukari, don tun da na fara ɗagawa lambar ta sauko, kuma na san in na koma benci za ta koma inda ta fito.

Na je wurin maɗori, ya murza ya ce ba karaya ba targaɗe, kuma gaskiya ya faɗa. Wanzami ya yi mini ƙaho. Na ji daɗin jikina kwana biyu, ba zan yi musu ƙarya ba. A ƙarshe ɗana na biyu ne ya tisa ni gaba zuwa wani asibiti, sashen gashin ƙashi, wurin masu fisiyo. Wata yarinya na tarar, sa'ar 'yata ta fari, tana Hausar zango tana haɗawa da Turanci. Da farko na raina ta. Sai ta kwantar da ni rub da ciki, ta ce in lanƙwasa gwiwar dama in hana ta miƙar da ita. Ta ja, ta kasa. Ta koma ta hagu, da hannu ɗaya ta miƙe ƙafar kamar tana buɗe ƙofa. Ta ce, "Baba, ka gani? Ciwon ne yake tafiya. Ƙarfin bai taɓa dawowa ba."

Ga yadda ta yi mini bayani, kuma na sa ɗana ya sake karanta mini daga baya don in tabbatar na riƙe daidai. Naman bayan cinya tsoka uku ce. Suna farawa daga ƙashin zaman nan, su gangaro su kama a ƙasan gwiwa, biyu ta ciki, ɗaya ta waje. Aikinsu biyu: su lanƙwasa gwiwa, su kuma miƙar da ƙugu in ka sunkuya za ka tashi. Da yake sun ƙetare gaɓa biyu, lokacin da suka fi shan wuya shi ne lokacin da ake jan su suna tsawo alhali suna riƙe da nauyi, wato daidai sa'ar da kake mayar da sanda ƙasa, ko mai gudu ya wurga ƙafa gaba. A nan suke yagewa. Ba sai tsoho ba. Usain Bolt na Jamaika, wanda duniya ba ta ga mai gudunsa ba, a tserensa na ƙarshe a Landan a 2017 wannan naman ne ya kayar da shi a tsakiyar fili.

In tsoka ta yage, jiki yana ɗinke ta da tabo. Zafin yakan ɗauke cikin mako ɗaya ko biyu, amma ɗinkin bai yi ƙwari ba, ga shi kuma naman ya ƙara raguwa saboda hutun da ka ba shi. Kai kuma da ka ji shiru sai ka koma kan nauyin da ka bari. Da ta faɗi haka sai na tuna shekarar da mota biyu ta ruɓe mini a hanya. Jarina ya koma rabi, amma don kada a ce Alhaji ya karye sai na ci gaba da yin oda irin ta da, da bashi. Wannan ce ta kusa rufe ni, ba ruɓewar farko ba. To haka na yi wa cinyata har sau uku. A na huɗu abin ya wuce tsoka ya taɓa jijiyar da ta ɗaure naman a ƙashin zama. Ita jijiya jini ba ya zuwa mata da yawa kamar tsoka, don haka gyaranta ba lissafin kwanaki ba ne, lissafin watanni ne, uku zuwa shida, wani ma ya fi.

Abu na farko da ta hana ni ya ba ni mamaki. Yaran gidan ƙarfe kullum sai su zaunar da ni a ƙasa, ƙafa a miƙe, ɗaya ya danna bayana wai in taɓo yatsun ƙafa don jijiya ta saki. Ta ce in daina yau ɗin nan. In ciwon yana kan ƙashin zama, irin wannan miƙar tana matse jijiyar ne a jikin ƙashi, kamar igiyar guga da ke gogar bakin rijiya. Zaman benci mai tauri ma haka yake yi mata. Wata shida ina biyan yara da godiya suna ƙara mini ciwo.

Na biyu, ta ce kwanciya ba magani ba ce. Nauyi ne ya ɓata wurin, nauyi ne kuma zai gyara shi, sai dai da awo. Ta fara ni da abin da na ji kunyar yi a gaban iyali: in kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, in ɗaga ɗuwawu sama in riƙe daƙiƙa 30 zuwa 45, sau biyar. Ba sanda, ba siminti. Jikata tana zaune tana ƙirga mini tana dariya. Bayan mako biyu na koma yi da ƙafa ɗaya. Daga nan aka sa mini tsumma a ƙarƙashin dugadugai, ina ɗage da ɗuwawu in zame ƙafafu a hankali har su miƙe a kan siminti. Wallahi wannan zamewar ta fi kilo ɗarin sa ni gumi. Sai a mako na bakwai ta yarda in taɓa sanda, ita ma a ɗora ta a kan bulo biyu don kada in sunkuya can ƙasa, kilo 30, in sauke ta ina ƙirga ɗaya, biyu, uku. Rana ɗaya aiki, rana ɗaya hutu. Da aka ga wurin ya karɓa sai aka cire bulo ɗaya, daga baya aka cire na biyun.

Dokar da ta ba ni ita ce abin da na fi so ɗan uwanmu na Kwatano ya riƙe. Ta ce in auna zafin daga sifili zuwa goma. In ina aiki ya tsaya a biyu ko uku, in ci gaba, ba ɓarna ake yi ba. Alƙalin gaskiya shi ne washegari da safe. In na tashi na ji wurin kamar jiya, nauyin ya yi daidai. In ya fi jiya, to na zarce, in koma baya mataki ɗaya, ba in ajiye gaba ɗaya ba. Da can abu biyu kawai na sani, ko in kwanta ko in ɗauki ɗari. Tsakiyar nan ce ban taɓa zama a cikinta ba.

Sai na yi abin da ɗan kasuwa ya iya. Na sayi ƙaramin littafi irin na bashi, na ja layi huɗu: rana, nauyi, sau nawa, zafin safe. Da na zo rubuta nauyi sai tambaya ta zo mini: wa ya taɓa auna ƙarafan nan? Na aro sikelin rataye wurin 'yan gwangwan na kai gidan ƙarfe. Abin da muke kira 100 ya tashi 108, kuma bokitin gefen hagu ya fi na dama da kilo huɗu. Shekara biyu ina ɗaukar kaya a karkace. Ba zan rantse cewa shi ya jawo ciwon ba, amma ƙafar hagun ce dai ta lalace. Mai wurin ya ji kunya, na ce masa ba laifinsa ba ne, mu da muke auna kayan mutane kullum mu ya kamata mu fara tambaya. Yanzu kowane ƙarfe an rubuta masa nauyinsa da fenti.

Ɗana, da yake shi ɗan boko ne, bai yarda da maganar baki ba sai da ya binciko. Ya ce a Suwidin a 2013 an gwada 'yan ƙwallo 75 da wannan naman ya yage musu. Waɗanda aka ba atisayen da ke sa naman aiki yana miƙe sun koma fili a kwana 28 a matsakaici, waɗanda aka ba irin na da kuwa sai da suka yi 51. A Denmak kuma a 2011 an raba 'yan ƙwallo 942 gida biyu, aka sa kashi ɗaya suna wani atisaye da ake kira Nodik: ka durƙusa a kan gwiwa, wani ya danne maka idon sawu, ka riƙa faɗowa gaba a hankali kana riƙe kanka da bayan cinya. Masu yin sa 15 ne suka ji ciwon a kakar, waɗanda ba sa yi 52. Amma fa kada wani ya ji wannan ya je ya fara gobe. Ni sai a wata na huɗu aka bar ni na gwada, kuma har yau rabin hanya nake zuwa in faɗi a kan tafin hannu.

Akwai maganar ƙwaya, kuma a nan zan ɗan yi faɗa. Diclofenac da 'yan uwansa suna kashe zafi, amma ga mai hawan jini ko sukari irina, shan su kullum yana taɓa ƙoda da ciki. Ban da wannan, zafin nan shi ne ɗan aiken da ke gaya maka ka zarce. In ka toshe masa baki ka je ka ɗaga, wa zai gaya maka? Na ga yara a gidajen ƙarfe suna haɗiyar tramol kafin su kama sanda, irin mai 225 ɗin nan da hukuma a Gana ba ta yarda da shi ba. Iyaye, ku sa ido. Kuma 'yar fisiyon ta yi mini wata tambaya da ban zata ba: ko na sha ciprofloxacin kwanan nan, wanda muke ce wa sifro, muke saye a kemis da mun ji zazzaɓi mu ce taifot ne. Ashe wannan jinsin maganin yana iya raunana jijiya har ta tsinke, musamman ga wanda ya manyanta. Wanda likita ya rubuta masa shi, ya gaya wa likitan cewa yana ɗaga ƙarfe.

Ba kowane ciwon bayan cinya ne irin nawa ba, kada wani ya ɗauki littafina ya yi wa kansa hukunci. In zafin yana gangarowa ya wuce gwiwa har ƙafa, da mindirewa ko jin kamar kiyashi na tafiya, ko yana ƙaruwa in ka yi tari, sau da yawa daga ƙashin baya yake, aikinsa daban. In ka ji ƙara kamar an tsinka igiya, cinya ta yi baƙi da taruwar jini, ka kasa takawa, wannan asibiti ne a makon nan, don jijiyar kan rabu da ƙashi, kuma ɗinkin ya fi sauƙi in ba a daɗe ba. Mu kuma masu kwana a mota daga Akara zuwa Yamai ko Legas: in ka sauka ka ga ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa ta yi zafi, kada ka bari a murza maka. Jini kan daskare a jijiya bayan dogon zama, kuma wannan yana kisa.

To ɗan uwa na Kwatano, amsar tambayarka ita ce a'a, ban ga alamar tsufa ne kaɗai ba, na girme ka da shekara takwas ga ni ina ɗagawa. Shekaru suna sa gyara ya yi nawa, wannan gaskiya ne. Ka nemi mai fisiyo ya gwada ƙarfin ƙafafunka biyu kamar yadda aka yi mini. Ka duba a ina ciwon yake zaune, tsakiyar cinya ko kan ƙashin zama. Ka yi tafiya ko ɗan gudu na minti goma kafin ka kama sanda, ka fara da sanda tsura. Ranar da ka kwana sauke kaya ba ka yi barci ba, kada ka ƙara nauyi. Wake da ƙwai da kifi su yawaita a kwanonka, nama ba ya ginuwa da koko kaɗai. Sannan ka turo mini abin da littafinka ya nuna bayan wata guda, zan so in gani.

Ni yanzu wata tara ke nan bai dawo ba. Ina kan kilo 70 na gaskiya, wanda sikeli ya shaida. Yaron da na karɓi ɗarinsa ranar nan ya kai 140, in ya ɗaga ina tafa masa. Wani lokaci zuciya takan ce mini Alhaji ƙara goma mana, sai in buɗe littafi in ga ba ranar ƙari ba ce. Ruku'u ya dawo daidai, na bar sahun kujera. Uwargida ba ta ce ta yarda da ƙarfen ba har yau, amma ita ce ta ɗinka mini 'yar matashiya da aka rarake mata gurbi daidai ƙashin zama, wadda nake shiga turoturo da ita a hammata. Kwandastan layinmu ya riga ya saba, da ya hango ni sai ya ce a matsa wa Baba da filonsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan kuɗin makaranta.